Hancin Aro

Na ji abin da ake faɗa a gidan nan, kada ku ɗauka kunnena ma ya mutu. Wai Malam Garba ya hana 'ya'yan cikinsa sirrin folish shekara da shekaru, ya tashi ya je ƙasar Larabawa ya miƙa wa surukarsa a faranti. Babbanku, wanda ba na kama sunansa, tun da na dawo gaisuwarsa ta koma irin ta masu dubiya a asibiti: ya jiki, Allah ya ƙara sauƙi, sai ya miƙe. To, ga littafi na saya, ga biro. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma wata bakwai na yi aka sallame ni saboda na shafa wa kujerar malami baƙin tukunya. Don haka in kun ga harafi ya karkace ku tallafe shi, ɗan'uwanku ne. So nake kawai ku san yadda aka yi, kafin a binne ni da laifin da rabinsa ne nawa.

Kun taso kun tarar ana kirana Garba Hankaka, amma ba dukanku kuka san mafari ba. Da akwatin shushaina na fara a bakin kasuwa a Kano, ina goge wa akawuna da 'yan sanda takalma. A lokacin folish daga Turai ake kawo shi, tsadarsa ta fi ƙarfin irinmu, sai mun haɗa da yawu yake kai mu yamma. Wata rana na tsaya na shinshina gwangwanin da kyau, na ce kai, wannan ai kakin zuma ne da baƙin fitila, sai wani abu mai kama da kananzir. Ashe Bature ma ba aljani ba ne. Na sayo kaki wurin masu zuma, na kankaro baƙin fitila, na saci tukunyar uwata na ɗora a bayan gida. Sai da na ƙone girata duka biyu da rumfar maƙwabci ɗaya kafin abin ya zauna, ranar da na jefa ɗan man kaɗanya a ciki. Na sa aka zana min hankaka a murfin gwangwani. Daga nan barikin 'yan sanda, daga nan sojoji, daga nan 'yan makarantar kwana. Na yi motoci uku, na gina gidan nan da kuke zagina a cikinsa, na sauke farali. Sannan duniya ta koma takalmin roba da na yadi, folish mai araha ya cika kasuwa daga waje, ma'aikatata ta zama gidan kaji. Wannan kun gani da idonku.

Abin da ba ku gani ba shi ne cikin ɗakin dahuwa. Ni ban taɓa auna komai ba. Hancina ne mudu, shi ne agogo. Idan tukunya ta kusa, sai in kori kowa in rufe ƙofa, in tsaya a kanta ina shaƙa har ta gaya min lokaci ya yi. Babbanku ya roƙe ni ya fi sau shurin masaki in bar shi ya tsaya, kullum in ce gobe. Rabin dalilin rowa ce, ban musa ba. Ɗaya rabin kuwa tsoro ne: ban san yadda ake faɗar abin da baki ba, kuma ina gudun yaro ɗan boko ya tambaye ni cokali nawa in tsaya ina zare ido.

Ƙaninku Sanusi ne ya kai ni Doha, kun sani, don a cire min yanar ido. Shi injiniya ne a kamfanin gas, yana zaune da matarsa Falmata a wani bene a unguwar Tsohon Filin Jirgi. Wata biyu aka ce zan yi. An gyara ido ke nan ina shirin ɗaure kaya sai korona ta sauka, aka rufe sama aka rufe ƙasa, har masallaci aka rufe. Ga ni a gida mai ɗaki uku da lungu ɗaya wanda mutum biyu ba sa wucewa sai kafaɗa ta gogi kafaɗa, tare da suruka. Ku da kuka san kunya kun san wannan azaba ce. In na fito ta koma, in ta fito na koma, kamar masu wasan ɓuya. Abinci a bakin ƙofa take ajiyewa ta yi gyaran murya. Abin da kawai yake haɗa mu magana turare ne. Falmata 'yar Maiduguri ce, haɗa turaren wuta da humra a jininta yake, ni kuma bakina ba ya shiru. Daga cikin ɗaki nake ɗaga murya in ce wa Sanusi, gaya wa matarka yau sukari ya yi yawa a turaren nan, ya fara ƙauri. Sai in ji ta yi dariya ƙasa-ƙasa a kicin, don ta san gaskiya na faɗa.

Sai cutar ta kama ni. Zazzaɓin ba zan ba ku labarinsa ba, an sha ba ku. Na tashi, ƙafa ta ɗauke ni, Sanusi ya yi sadaka. Da safe na ɗauko gwangwanin Hankaka na ƙarshe da na zo da shi don takalmina, na buɗe na kai hanci kamar yadda na saba tun ina saurayi. Babu komai. Kamar na shinshina bango. Na dangwala na shafa a gashin baki, babu. Na shiga banɗaki na buɗe kwalbar maganin wanke masai na shaƙa har hawaye ya zubo, babu. Na zauna a bakin gado. Ma'aikata ta tafi ban yi kuka ba, don a raina ina cewa ai tana nan a fuskata, duk ranar da na ga dama zan tashe ta. Ran nan na san ta rufe da gaske. Ban gaya wa kowa ba. Aka buɗe hanya, Sanusi ya hana ni tahowa, ya yi min takardar zama a ƙarƙashinsa, ya ce sai likita ya gama da ƙirjina. Haka na shafe wajen shekara biyu ina yabon miya ina yabon turare, ina kallon fuskokin mutane don in san ko in ce ƙamshi ko in ce wari.

Ana haka aka fara haramar gasar ƙwallon duniya, gari ya cika da tuta da masu fenti. Wata Juma'a na fito daga masallaci ina neman takalmina. Nemansa ba wuya, don mutanen ƙasar silifa ta fata suke sawa, nawa ne kaɗai baƙi sau-ciki a tsakiya kamar baƙo a gidan biki. Na tarar da wani dogon mutum mai furfura a gemu ya tsuguna yana kallonsa.

"Baba, gafara dai," ya ce. "Wannan baƙin ba na ƙasar nan ba ne."

"Ni ko takalmin?"

"Takalmin. Rabona da wannan ƙyallin tun ina ɗaukar akwatin shushaina a Kano. Wallahi Hankaka ne. A ina ka samu? An ce mai yin sa ya mutu."

"Ya mutu," na ce, "amma yana zuwa Juma'a."

Sunansa Isuhu. Shi ne shugaban wasu masu gadi su talatin, yawancinsu 'yan Arewa, a wani kamfanin tsaro. Da ya gane ni ya riƙe hannuna da hannu biyu ya ƙi saki, yana gaya wa duk wanda ya wuce cewa da folish ɗin wannan tsohon ya yi aurensa na fari. Ku yi min adalci: shekara nawa rabon da wani ya kalle ni haka? Kafin mu rabu na ce ya biyo ni gida, na ɗauki gwangwanin nan na ƙarshe na ba shi kyauta. Me zan yi da shi, ni da ba na jin sa?

Bayan sati biyu ya dawo bakinsa har kunne. Ashe kamfaninsu na da wani babba mai duba ma'aikata, tsohon soja ne daga wata ƙasa, wanda ya fi son takalmi a kan uwarsa. A lokacin ana tace waɗanda za a riƙe don aikin gasar da waɗanda za a sallama su koma gida. Folish ɗin kanti mai soso da suke shafawa, kafin azahar rana da ƙura sun mai da shi toka. Sai ga takalmin Isuhu yana ɗaukar ido har la'asar. Sojan ya tsaya ya tambaya. Isuhu kuwa, Allah ya ba shi tsawo ya hana shi linzamin baki, ya ce ai mutanensa duka talatin haka za su fito in an ba shi sati biyu.

"Baba, na riga na faɗa," ya ce. "Tukunya ɗaya kawai. Kai ai ko ido rufe za ka yi."

Da ido rufe zan iya. Nan ne wurin da ya kamata in buɗe baki in ce Isuhu, hancin da ka sani ya riga ni tafiya lahira. Kalma ce da ba ta wuce goma ba. Amma yana kallona irin kallon nan, Sanusi yana zaune, Falmata na ji a kicin. Sai na ji bakina yana cewa, "Tukunya ɗaya? Ka raina ni."

Sanusi bai so ba. Ya ce, "Baba, ni ne kafil ɗinka, ni na tsaya maka a wurin hukuma. A ƙasar nan ba a sana'a ba takarda, in wani abu ya faru ni za a kira." Na ce kyauta zan yi, kyauta kuma ba ta da takarda. Ya ce to ba a gidan nan ba, akwai na'urar hayaƙi a silin, in ta yi ƙara duk benen zai fito. Muka samo kaki wurin wasu Yamalawa masu zuma a tsohuwar kasuwa, da ƙyar, wanda bai wuce na tukunya biyu ba, don su zumar suke kawowa ba kakin ba. Man kaɗanya Falmata ta aiko min da nata ta hannun mijinta. Baƙin fitila na tara da kaina, kwana huɗu ina kifa faranti a kan aci-balbal a bayan garejin wani abokin Isuhu a Sana'iyya, unguwar da babu komai sai gareji da sito da ɗakunan leburori. A nan na ɗora tukunya.

Na kori kowa kamar yadda na saba, amma Isuhu ya tsaya daga nesa ta inda iska ke bi. Na sunkuya a kan tukunya ina shaƙa ina gyaɗa kai, kamar boka a gaban mai haƙuri. Ina kallon kumfa, ina ƙirga numfashina, ina roƙon Allah ya buɗe min ko ƙofa ɗaya ta hancin nan na minti ɗaya. Gumi har cikin takalmi.

"Baba," Isuhu ya ɗago murya, "kamar ina jin ƙauri."

"Kai ka san ƙauri? Tun ba a haife ka ba nake wannan aikin. Matsa can."

Na sauke, na zuba kananzir da ka, na juye a gwangwanayen da suka tara. Da ya huce ya yi kyau a ido, baƙi sumul. Na koma gida ina cewa wataƙila hannu ya tuna abin da hanci ya manta.

Ran Talata da la'asar Isuhu ya buga ƙofa, da leda a hannu. Bai zauna ba. Ya zaro takalmi ɗaya ya ajiye a kan tayil. Kakin ya ƙone, bai kama fata ba, da rana ta buga shi sai ya narke ya yi danƙo, rairayin garin nan kaf ya zo ya manne. Kun ga tsire in an birkiɗa shi a ƙuli? Haka ƙafa sittin suka tsaya a gaban tsohon soja. Ya ce Isuhu ya lalata kayan kamfani da kwalta. Ya ba shi zuwa Lahadi: ko takalma su koma yadda ya yi alkawari, ko ya karɓi tikitinsa. Mutum mai 'ya'ya mata biyar a makaranta, da uwa a kwance a Gaya, ga shekaru sun ja, in ya koma babu mai sake ɗaukarsa. Da ya zage ni da na ji sanyi. Bai zage ni ba.

"Baba, ka gaya min tsakaninka da Allah. Zai gyaru?"

"Kakin Yamalawan nan ne," na ce. "Ƙudan zumarsu ba ya cin furen kirki. Amma na gano shi yanzu. Ran Juma'a zan sake."

Ya ce to, ya ɗauki takalminsa ya tafi. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni kuma na kai bangonsa na ci gaba da tono. Kwana biyun nan abinci bai wuce min ba. Na shaƙi barkono, na shaƙi albasa, na shaƙi man zafi, na yi hayaƙin habbatus sauda har na kusa tayar da na'urar Sanusi. Sai in fito da sauran kakin in kalle shi in mayar. Na tukunya ɗaya ne. In na ƙona shi, na ƙona Isuhu. In na faɗi gaskiya, Garba Hankaka ya zama tsohon da ya yaudari mai gadi don a yabe shi. Duk motsin waya sai in ɗauka Isuhu ne.

Ran Alhamis da hantsi Sanusi yana wurin aiki, na ji gyaran murya a bakin ƙofa. Na jira ƙarar faranti, ban ji ba. Inuwarta na nan a jikin labule.

"Baba, in yi magana?"

"Ina ji."

"Ba kakin ba ne. Hancinka ne ba ya ji."

Sai na yi abin da tsohon banza yake yi, na hau faɗa. Na ce wa ya gaya mata, yaushe aka fara auna hancin surukai a gidan nan.

"Tun da ka tashi daga ciwo ba ka sake cewa sukari ya yi yawa ba," ta ce. "Na ƙona shinkafa ka ce ta fi ta kullum. Sai na ce bari in tabbatar. Na kawo kasko bakin ƙofar nan na ce ga sabon haɗi, yaya ka ji shi? Ka ce madalla, ƙamshi har cikin kai. Baba, gawayi ne zalla a kaskon."

"Shekara biyu kina kallona ina wasan kwaikwayo?"

"Ba girmana ba ne in faɗa. Ko Sanusi ban gaya wa ba. Amma yanzu abincin wani ne a kan wuta." Ta ɗan tsaya. "In ka yarda, ni ina da hanci. Kai ka san abin da ake nema, ni zan gaya maka in ya zo."

To ku tsaya nan, ku da kuke cewa na miƙa a faranti. Na zauna a gadon nan na tuna babbanku yana ɗan shekara goma sha biyar, tsaye a bayan ƙofar ɗakin dahuwa yana leƙe ta kafar makulli. Na san in labari ya zo Kano abin da zai ji ke nan. Har na ɗauki waya in kira shi. Amma ƙamshi ba ya bin waya, kuma Lahadi ba ta jiran a yi masa biza. Na ajiye. Na ce wa labule, "Ki gaya wa mijinki gobe da sassafe zai kai mu bayan gari."

Sana'iyya ba wurin kai mace ba ne, don haka Sanusi ya tuƙa mu can wajen gari inda babu kowa sai rairayi da ƙananan duwatsu. Muka kafa risho mai gas. Falmata ta fito da ɗan sikelin da take auna kayan turare, da wani tsinken ƙarfe na auna zafin kek, da littafi. Na juya na ce wa Sanusi ya je ya tsare mota.

"Baba, wa zai saci mota a nan? Kuma ni injiniyan gas ne fa."

"To je ka yi injiniyancin a mota."

Ya tafi yana girgiza kai. Hali zanen dutse. Minti biyar ba a yi ba iska ta kashe wutar sau biyu, dole na kira shi ya riƙe mana tabarma, amma na ce ya juya baya. Haka ya tsaya, babban ma'aikaci da digiri biyu, ya ba mu ƙeya yana riƙe da tabarma, kafaɗunsa na rawa don dariya.

Duk abin da na ɗebo da hannu, kafin in jefa sai ta ce dakata, ta ɗora a sikeli ta rubuta. Kaki ya narke. Yanzu aka zo wurin da ban taɓa faɗa wa ɗan'adam ba, ban ma san yana faɗuwa ba. Ga ni ga surukata kai da kai a kan tukunya ɗaya, ni da ko ido ba mu taɓa haɗawa ba.

"Me kike ji?"

"Zuma."

"Wace iri? Ta kanti ko ta amya?"

"Ta amya. Da ɗan ɗanye-ɗanye."

"Bar shi. Ɗanyen zai tafi. Daga nan zai yi kamar... kamar..." Na tsaya ina lalube. Shekara arba'in ina jin abin nan ban taɓa ba shi suna ba. "Kin san sabon faifai in rana ta buge shi? In kin ji wannan, a zuba man kaɗanya da baƙi. Bayansa akwai wani, shi ne mai wuyar. Kamar gurasa ce saura ƙiris a cire ta daga tanderu. Ba ta ƙone ba, amma ta fara tunanin ƙonewa. Numfashi uku yake yi. In ya wuce, mun kashe Isuhu."

Ta rufe ido. Faifai ya zo, muka zuba, na juya da muciya. Sai jira. Ina kallon fuskarta kamar mai kallon fuskar likita. Kumfar ta yi min kama da ta ran nan a gareji.

"Sauke," na ce. "Ya yi."

"Bai yi ba, Baba."

"Na ce ya yi! Ina ganin kumfar."

"Ran nan ma ka ga kumfar."

Daga bayan tabarma na ji Sanusi ya shaƙe da tari. Hannuna yana kan tsumma, ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba, ni dai na karanta duk abin da na haddace. Sai hancinta ya motsa.

"Yanzu!"

Na sauke. Ta tsoma tsinkenta ta rubuta. Muka matsa nesa da wuta, muka jira ya ɗan huce, na ce ta riƙa gaya min ina tsiyaya kananzir har sai ƙarfinsa da na kaki sun yi kunnen doki, kada ɗaya ya hau ɗaya. Ta ce ƙara, ƙara, tsaya. Na tsaya. Na dangwali ɗan kaɗan na shafa a takalmina na ajiye a rana, muka zauna mu uku muna gadinsa kamar masu jiran haihuwa. Bayan awa ɗaya na watsa masa rairayi na hure. Ya zube tas. Na goga da tsumma, sai ga fuskata a ciki, da hancin banzan a tsakiya.

"Me kike ta rubutawa ne tun ɗazu?" na ce.

"Hancinka, Baba."

Ta miƙo min littafin. Na karanta da karatuna na wata bakwai, ban ko yi tuntuɓe ba. Rabin shafi ne. Abin da na rufe wa ƙofa shekara arba'in, na hana ɗana, na ɗauka ya fi ƙarfin alƙalami, rabin shafi ne har da kwanan wata. Na yi murna, kuma wani abu ya soke ni a ƙirji wanda har yau bai fita ba.

Ran Asabar Isuhu da mutanensa suka wanke tsohon danƙon da kananzir suka shafa sabo. A ranar na kira shi na gaya masa gaskiya duka, har da ƙudan zumar Yamalawa da na yi wa ƙazafi. Ya ce, "Ai na ji ƙaurin, Baba." Ran Lahadi tun safe waya na hannuna, ban karya ba, ban zauna ba, ina kai da kawowa a lungun nan har Falmata ta daina kauce min. Sai bayan la'asar ya kira. Ya ce sojan ya bi layi, ya tsuguna ya goga farin hankici a takalmin mutum na farko, ya duba hankicin, ya mayar aljihu, ya wuce bai ce uffan ba.

"Shi ke nan?"

"Khalas, an gama, Baba. In bai yi magana ba, an tsira."

Ba a ƙara masa girma ba. Wurin ajiye motoci aka ba su, har aka gama gasar ko ƙwallo ɗaya bai gani ba sai ihun mutane daga nesa. Amma yana can har yau, 'yarsa ta biyu ta gama makarantar ungozoma.

To wannan shi ne farantin da kuke magana. Ban ba ta abin da na hana ku ba, don ranar da ta tsaya a bakin labule babu shi a hannuna. Ya riga ya faɗa rijiya, ita ta zura guga. Laifina na gaske ya girmi zuwana Doha, yana can a bayan ƙofar da na riƙa rufewa ina cewa gobe. Wannan na ɗauka, ba na neman a rage min. Da zan taho ta yage shafin ta ba ni, na ce ta riƙe, nata ne. Ta ce duk wanda ya tambaya a cikinku za ta karanta masa. Shekara ta zagayo babu wanda ya tambaya, wai ba za a roƙi matar ƙane ba. Ni da na haife ku na sunkuyar da kai na ari hancinta a gaban mijinta, ban mutu ba.

Hancin bai dawo ba, kuma na daina yabon miyar da ban ji ba. Amma takarda rabin aiki ce, kaki yana sauya hali daga shekara zuwa shekara, dole sai da mai shaƙa. Kai babba, da kai nake. Falmata ta aiko min da gwangwani ɗaya, yana nan ƙarƙashin matashina. Gobe in ka zo gaisuwa, in ka ce ya jiki, kada ka miƙe. Ka ɗauko shi ka buɗe, ka kai hanci, ka gaya min abin da ka ji. Ƙofar a buɗe zan bar ta.